Ƙaramar Jif Mai Lantarki: Kafin Mu Yaba, Mu Buga Lissafi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, zancen motar lantarki ya shiga kowace majalisa. Wasu na cewa ita ce za ta raba talaka da gidan mai. Wasu kuma na dariya, suna cewa ƙasar da wuta ba ta ishe ta guga ba, ina ita ina cajin mota? Abin da muka lura shi ne, da masu yabon da masu kushen, da wuya ka ga wanda ya ɗauki biro ya yi lissafi. To, yau mu za mu yi. Za mu ɗauki mota ɗaya, mu karanta takardarta layi-layi, mu auna ta da wutarmu da hanyoyinmu da zafinmu. Kayan aikin da muke buƙata bai wuce Fiziks ɗin da kuke yi a aji ba.

Motar da muka zaɓa

Sunanta Hyundai Kona Electric, ƙirar kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu, kuma ta fito a shekarar 2018. Ƙaramar jif ce, irin waɗanda suka ɗan fi mota ta yau da kullum tsayi daga ƙasa, amma ba su kai manyan jif ɗin 'yan siyasa ba. Sunan ba shi da alaƙa da ƙuna ko gobara. Kona wani yanki ne a tsibirin Hawayi na Amurka, daga can aka aro shi.

Mun zaɓe ta ne domin tana da tarihi a ƙasarmu. Ita ce motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Najeriya. Kamfanin Stallion ne ya harhaɗa ta a Legas, aka nuna ta a watan Nuwamban 2020, sannan hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, wato NADDC, ta sake gabatar da ita a Abuja a farkon 2021. A shekarar ce kuma hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kafin ta Jami'ar Legas da ta Nsukka. A 2023 Hyundai ya fito da sabon samfuri wanda ya fi girma, amma mu a kan na farkon za mu tsaya, tunda shi ne aka harhaɗa a nan.

Abin da takarda ta ce

Tsawonta mita 4.18 ne, faɗinta mita 1.8, tana ɗaukar mutum biyar. But ɗinta lita 332 ne, wato dai jakunkunan ɗalibi biyu masu komawa makarantar kwana sun isa su cika shi. Nauyinta ya kusa tan ɗaya da kilo 700. Tayoyin gaba ne kaɗai ke ja, don haka kada sunan jif ya ruɗi wani ya nufi rairayi da ita.

Iri biyu aka yi. Akwai mai batirin kilowat-awa 39.2 da inji mai ƙarfin kilowat 100. Akwai kuma babbar, mai batirin kilowat-awa 64 da inji mai kilowat 150, kwatankwacin ƙarfin doki 204. Babbar kan tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa takwas ba kaɗan, iyakar gudunta kuma 167.

Ba ta da kulochi, ba a canza mata giya. Maɓallai ake dannawa: gaba, baya, tsayawa. Ba ta da ƙarar inji, shi ya sa aka sanya mata wani ɗan sauti na musamman idan tana tafiya a hankali, domin masu tafiya a ƙasa su san tana tafe.

Kilowat daban, kilowat-awa daban

Nan ne yawancin mutane ke rikicewa, har da wasu masu tallar motar. A takarda za ku ga kW da kWh. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma ma'anarsu ta sha bamban. Ku ɗauki tankin ruwa da famfo. Kilowat-awa shi ne girman tankin, wato yawan makamashin da aka tara. Kilowat kuwa shi ne ƙarfin zubar ruwan daga famfo, wato saurin shiga ko fitar makamashin. Yunit ɗin da ake saye a mitar gida, shi ne kilowat-awa ɗaya.

Dutsen guga mai kilowat ɗaya, in aka bar shi yana ci awa ɗaya, ya sha yunit ɗaya. Ke nan batirin babbar Kona zai riƙe shi awa 64. Batirin waya mai lamba 5,000 a jikinsa yana ɗaukar wajen wat-awa 19, don haka batirin motar ya haura na waya 3,000 a haɗe.

Ga wani abin mamaki. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai wajen kilowat-awa 9. In kun raba 64 da 9, za ku ga cikakken batirin motar nan bai wuce makamashin lita bakwai na fetur ba. Wace mota ce za ta yi kilomita 400 da lita bakwai? Sirrin yana cikin asara. Injin fetur yana mai da kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na makamashin mai zuwa tafiya, sauran duk zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Injin lantarki kuwa yana amfani da fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka ba shi.

Sannan akwai dabarar birki. Idan direban motar fetur ya taka birki, makamashin gudun ya zama zafi a jikin birkin, ya bi iska. A Kona, da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, injin kan koma janareta, tayoyi su riƙa juya shi, shi kuma ya riƙa mayar da wuta cikin batir yana rage gudun motar. A bayan sitiyari akwai 'yan maɓallai biyu da direba zai ƙara ko ya rage ƙarfin wannan riƙo. Dokar nan da aka koya muku cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama, ga ta nan a kan titi.

Tafiyar caji ɗaya

Wannan ita ce tambayar farko da kowa ke yi, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. A gwajin Turai da ake kira WLTP, babbar Kona ta samu tsakanin kilomita 449 da 484, gwargwadon shekarar ƙira. A gwajin Amurka, wanda ya fi tsanani, kilomita 415 ta samu. A shekarar 2020 kuma, a filin tseren Lausitzring na Jamus, an tuƙa Kona uku na tsawon kwana uku, kowacce ta haura kilomita 1,000 a caji ɗaya, wadda ta fi nisa ta yi 1,026. Sai dai gudun wajen kilomita 30 a awa suka riƙa yi, ba tare da kunna na'urar sanyi ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Me ya kawo wannan bambanci a mota iri ɗaya? Iska. Turjiyar da iska ke yi wa mota tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. In ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar ta ninka sau huɗu. Shi ya sa motar lantarki ta fi jin daɗin cikin gari, inda ake tafiya a hankali ana yawan rage gudu, batir na samun rara. A babbar hanya kuwa nan take shan wahala, akasin motar fetur.

Mu gwada da hanyar da muka sani. Daga Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Mu ɗauka direba na gudu sosai, mota cike da mutane, sanyi a kunne, tana shan yunit 20 a kowace kilomita 100. Ku raba 64 da 20, ku ninka da 100: kilomita 320. Za ta wuce Kaduna lafiya, amma ba za ta shiga Abuja ba sai an tsaya an yi caji. Takarda ba ta yi ƙarya ba, amma takarda ba a hanyar Kaduna aka rubuta ta ba.

Caji: inda gizo ke saƙar

Lissafin lokacin caji mai sauƙi ne: a raba girman batir da ƙarfin caja. Hanya uku ake bi.

Ta farko, babbar tashar caji mai sauri. A tasha mai kilowat 100, kamfanin ya ce batir zai kai kashi 80 cikin ɗari a minti 54. A mai kilowat 50 kuma, wajen minti 75. Irin waɗannan tashoshi har yanzu ƙalilan ne a ƙasar nan.

Ta biyu, cajar bango da ake kafawa a gida, mai kilowat 7.2. Da ita batir kan cika a awa tara da minti 35, wato dare ɗaya. Amma ku duba: kilowat 7.2 kamar a kunna dutsen guga bakwai ne lokaci guda, daga isha'i har asuba. Ba kowane wayarin gida ne zai ɗauki wannan ba, ba kuma kowace taransifoma ta unguwa ba.

Ta uku, soket na ɗaki. Cajar da ake sa wa a soket kan ja wajen kilowat 2.3. Ku raba 64 da 2.3, za ku samu kusan awa 28, ban da 'yar asarar da ake yi a hanya. A unguwar da ake kawo wuta awa shida a rana, wannan aikin kwana biyar ne.

Kafin masu kushe su yi murna, ga ɗaya ɓangaren. Ba kullum mutum ke ƙarar da batir ba. Ma'aikacin da ke kai yara makaranta, ya wuce ofis, ya biya kasuwa, ya dawo, mu ce kilomita 40 a rana. In motar na shan yunit 15 a kilomita 100 a cikin gari, yunit 6 kawai ya ci. A soket na ɗaki, awa uku sun mayar masa da abinsa. Da sola ma ana iya yi. Faifan sola mai wat 400, a ranar Arewa da ke ba da awa biyar ko fiye na haske mai ƙarfi, yana samar da wajen yunit biyu a yini. Faifai huɗu sun ɗauki nauyin zirga-zirgar wannan ma'aikaci, muddin motar na gida da rana ko kuma akwai batirin ajiya. Amma mai son cika batir daga ƙasa a yini guda, sai ya tanadi faifai sama da 30.

Ke nan amsar tambayar ko motar za ta yi a ƙasarmu ta dogara ne da wane ne mai ita. Ga mai yawon cikin gari da ke da wuta ko sola, ta yi. Ga mai doguwar tafiya kullum, da saura.

Lissafin aljihu

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya aka ɗan rage. Mu ɗauki naira 210 domin misali. Cika batir zai ci wajen yunit 70 in an haɗa da asarar caji, wato naira 14,700. In wannan ya kai ka kilomita 400, kowace kilomita ta tashi a naira 37.

Motar fetur mai girmanta, mu ce tana shan lita 8 a kilomita 100, za ta sha lita 32 a wannan tafiya. In lita na naira 900, kuɗin ya kama 28,800, wato naira 72 a kilomita. Kusan ninki biyu ke nan. Ku sauya farashin da na garinku a yau, ku sake bugawa.

To, in ba wuta aka tayar da janareta fa? Ƙaramin janaretan fetur kan ba da wajen yunit biyu a kowace lita. Yunit 70 zai ci lita 35, fiye da abin da motar fetur ɗin za ta sha da kanta. An gudu ba a tsira ba.

Sai batun kuɗin saye. Lokacin da aka fito da ita a Najeriya, an sa mata farashin wajen naira miliyan 24, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Mu ƙaddara motar lantarki ta fi ta fetur tsada da naira miliyan 10, ribar kowace kilomita kuma naira 35 ce. Mai yin kilomita 15,000 a shekara zai tsira da naira 525,000, sai ya shekara 19 kafin ya fanshe bambancin. Direban haya mai yin kilomita 60,000 a shekara kuwa zai fanshe cikin shekara biyar. Wannan lissafi ne ya sa a ƙasashe irin namu ake ganin lantarki zai fara kama ƙasa ne ta motocin haya da Keke da babura, kafin motocin gida.

Zama da ita

Mai Kona ya huta da juyen baƙin mai, da canjin fulogi, da gyaran salansa. Birkinta ma kan daɗe, tunda injin ne ke yin yawancin aikin rage gudu. Amma ba a ce babu hidima ba. Akwai ruwan birki, da ruwan sanyaya batir, da matatar iskar ɗaki. Tayoyi kan fi saurin cinyewa saboda nauyin motar da ƙarfin fizgarta. Sannan tana da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, wanda in ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin a cike yake.

Zafi abokin gabar batir ne. Kun san yadda waya ke yi in an bar ta a rana. Batirin Kona yana da ruwan da ke zagayawa yana sanyaya shi, amma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ajiye mota a inuwa wajibi ne. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a riƙa tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari a ranakun yau da kullum, sai za a yi doguwar tafiya a cika.

Batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar. Wannan na sa ta zauna daram a kwana, amma yana nufin rami ko dutse na iya dukan abin da ya fi komai tsada a jikinta. A ƙasashe da dama kamfanin na ba batirin garantin shekara takwas ko kilomita 160,000. Mai sayen 'yar Kwatano ya tambaya ko wannan garanti ya biyo motar.

Akwai kuma tarihin da ya kamata mai saye ya sani. Bayan gobarar da aka samu a wasu daga cikin motocin, a watan Fabrairun 2021 Hyundai ya sanar da sauya batir a motoci wajen 82,000 a duniya, yawancinsu Kona, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala miliyan 900. Matsalar ta shafi batiran da kamfanin LG ya ƙera wa motocin farko-farko, har zuwa watan Maris na 2020. Duk wanda aka kawo wa tsohuwar Kona daga waje, tambayarsa ta farko ita ce: an sauya batirin ko ba a sauya ba? Ta biyu kuma: lafiyar batirin kashi nawa ta rage?

Ina ruwan ɗan sakandare?

Wataƙila wani zai ce shi ko keke bai mallaka ba. Gaskiya ne, mu ma da ke jami'a ba mu da ita. Amma ku duba wannan. Babban batirin Kona yana aiki da bolt 356, fiye da wutar gidanmu mai bolt 230. Wayoyin da ke ɗauke da wannan wuta ruwan lemo ake yi musu domin gargaɗi, kuma taɓa su ba tare da horo ba na iya zama ajali. Bakaniken da ya ƙware a kafireto da fistin ba zai iya wannan aiki da ƙwarewarsa ta da ba. Ana buƙatar wanda ya san dokar Ohm, ya iya karanta zanen wayarin, ya iya haɗa kwamfuta da mota ya gane abin da take faɗa. Ana buƙatar masu kafa caja, da masu haɗa sola, da masu auna lafiyar batir. In motocin suka yawaita babu masu gyara a gida, daga waje za a kawo su, mu kuma mu tsaya kallo.

Kuma ba mu rasa na koyi ba. Jelani Aliyu, wanda ke shugabantar NADDC lokacin da aka gabatar da Kona, ɗan Sakkwato ne da ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato. Ya karanci zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka ya koyi zanen motoci, ya kama aiki da General Motors, inda ya zana siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu na lantarki. Dukansu biyu daga irin ajin da kuke zaune a ciki suka fito.

Don haka gobe in wani ya ce muku motar lantarki ita ce mafita, ko ya ce shirme ce, kada ku yi gardama. Ku tambaye shi abu huɗu: batirin yunit nawa ne, yunit nawa take sha a kilomita 100, da wace caja za a cika ta, kuma nawa ne yunit a unguwarsu. Wanda ya iya amsa waɗannan, a saurare shi.

Aikin gida na wannan mako

Wani magidanci zai je ɗaurin aure daga Kano zuwa Katsina ya dawo a ranar, da babbar Kona. Mu ɗauka nisan kilomita 170 ne zuwa, 170 dawowa. Ya tashi da caji kashi 90 cikin ɗari, motar kuma na shan yunit 17 a kowace kilomita 100. Shin zai dawo gida ba tare da ya yi caji a hanya ba? In ba zai dawo ba, minti nawa ya kamata ya jona ta a soket mai kilowat 2.3 a Katsina domin ya iso gida da ragowar yunit 5 a batir? Ku buga a littafinku, ku nuna wa malamin Fiziks, sannan ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku. Za mu kawo warwarar a fitowa ta gaba.

Sai mun haɗu mako mai zuwa. A yi karatu da kyau.